WASAN ƘARIN HARAFI: YADDA AYA TA KE ZAMA ƘWARYA

Jama'a, kowa ya san aya, 'yar abar nan da yara ke tauna, mata kuma su yi kunu da ita. To, a ɗauki alli a rubuta sunanta a allo, haruffa uku ke nan. A sa ƙ a farkonta, sai ta koma ƙaya, mai sukar ƙafar matafiyi. A cusa r bayan wasalin farko, sai ƙaya ta koma ƙarya, wadda aka ce fure ta ke yi ba ta 'ya'ya. A sake cusa w bayan ƙ ɗin, ga ƙwarya ta fito, wadda a ke dama fura a ciki. Ba a goge harafi ko ɗaya ba, ba a kuwa juya jerinsu ba, ƙari kurum aka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya, amma kowane taki sai ma'ana ta canja sarai. Wannan shi ne wasan ƙarin harafi, ɗan'uwan wasan cike gidaje da a ke bugawa cikin jaridu.

Nufina in jawo hankalin malaman makaranta da akawunan ofis zuwa gare shi. Mu da aiki ya ke kai mu duba makarantu, abin da mu ke yawan tararwa shi ne, yaro ya rera abin da ke bisa allo tiryan-tiryan, amma in aka rufe jimlar aka nuna masa kalma guda, sai ya yi tsuru-tsuru. Da kunne ya haddace, idonsa bai saba da tsayawa kan harafi ba. Irin wannan yaron ne gobe zai hau kujerar akawun kotu, ya rubuta cewa wane ya kawo kara, alhali kuwa ƙara mutumin ya kawo. Maganin abin ba ya bukatar sisin kwabo, allo da alli sun isa.

ASALINSA A ƘASASHEN TURAWA

A shekarar 1879 wani malamin lissafi na Oxford a Ingila, mai suna Charles Dodgson, wanda aka fi sani da Lewis Carroll, ya fitar da wani wasa cikin mujallar Vanity Fair. A kan ba mutum kalmomi biyu masu tsawo ɗaya, a ce ya tashi daga ta farko ya kai ga ta biyu, yana musanya harafi guda kowane taki, kuma kowane taki ya zama kalma ce mai ma'ana. In da Hausa ne, sai a ce ya mai da kare kura: kare, kara, kura. Wasan ƙari ya bambanta da wannan ta wajen cewa kalmar girma ta ke yi. Masu jin Turanci suna da wani shahararren misali mai hawa tara: I, in, sin, sing, sting, string, staring, starting, startling.

Wasan cike gidaje kuwa, wanda Turawa ke kira crossword, watau kalmomi masu gicciye juna, ya fara fitowa ran 21 ga Disamba, 1913, cikin jaridar New York World ta Amurka. Wanda ya tsara shi, Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ne. A 1924 aka buga littafin farko na irin wannan wasa a Amurka, kowane kwafi da fensirinsa a maƙale, mutane suka yi ta rububinsa. Jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a 1930, New York Times kuwa sai 1942. Turawan Ingila suka ƙara masa wuya, suka shigo da alamu masu ɓoyayyar ma'ana, inda a kan ce a cusa wannan harafi cikin waccan kalma domin a sami wata. Ta nan ne wasan ƙari ya shiga cikin wasan cike gidaje.

Malaman makaranta suna da babban hannu cikin tarihinsa. Cikin watan Mayu da farkon Yuni na 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sai kalmomin Utah, Omaha, Overlord, Mulberry da Neptune suka fito cikin wasan jaridar Daily Telegraph. Ashe dukansu sunayen asiri ne na shirin saukar soja a gaɓar Faransa, wanda aka yi ran 6 ga Yuni. 'Yan sandan ciki suka je suka tuhumi mai tsara wasan, Leonard Dawe, wanda hedimasta ne, ba su same shi da laifi ba. Bayan shekara 40 wani tsohon almajirinsa ya ce malamin ya kan ba yara gidaje su cike da kalmomi, su kuwa yaran a bakin sojan da ke sansani kusa da makarantar su ke jin waɗannan sunaye.

Akwai kuma wasan Scrabble, wanda Alfred Butts ya ƙago a Amurka a 1938, aka sa masa wannan suna a 1948. Faifansa yana da gida 225, haruffansa 100 ne, kowane ɗan wasa yana riƙe da 7. Gwanaye sun san cewa babbar dabara a ciki ita ce a liƙa harafi guda a farko ko ƙarshen kalmar da abokin karawa ya ajiye, ta zama sabuwa. A 2015, a birnin Perth na Ostireliya, wani ɗan Nijeriya mai suna Wellington Jighere ya ci gasar duniya ta wannan wasa, shi ne kuwa mutumin Afirka na farko da ya ci ta.

MU MA MUNA DA NAMU

Kada wani ya ce ai wannan baƙon abu ne. Wasa da haruffa tsoho ne a zauren malamai. Duk almajirin da karatunsa ya yi nisa har ya kai Muƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rayu daga 1054 zuwa 1122, ya san cikin muƙamomin nan 50 akwai huɗubar da babu harafi mai ɗigo ko ɗaya a cikinta, akwai kuma zantukan da a ke karantawa daga farko ko daga ƙarshe su fito daidai. Malaman balaga suna da babi mai suna jinasi, a cikinsa akwai wanda su ke kira naƙisi, inda kalmomi biyu su kan yi kama sai dai ɗaya ta fi ɗaya da harafi, kamar saƙ, watau ƙwauri, da masaƙ, watau wurin da a ke kora abu. Wannan ai ƙarin harafi ne sak.

A tsakar gida kuma akwai zaurance, wanda yara da 'yan mata ke yi don kada manya su gane zancensu. Cikin ire-irensa akwai na cusa b tare da wasalin gaɓar, gida ya koma gibida. Yaron da ya iya zaurance ya riga ya san rarraba kalma gaɓa-gaɓa tun ba a koya masa a aji ba. Abin da ya rage wa malami shi ne ya ɗauko wannan gwaninta daga baki ya kai ta bisa allo.

ABIN DA HAUSA TA BA MAI WASAN

Wurin ƙari uku ne: farko, tsakiya, ƙarshe. Ƙarin farko shi ya fi yalwa, kuma akwai dalili. A bakin Bahaushe babu kalmar da ta fara da wasali tsantsa. Aya da uwa da iri, duk da 'yar hamza su ke farawa, sai dai ƙa'idar boko ba ta rubuta ta a farkon kalma. Saboda haka gurbin baƙi yana nan a buɗe, kusan kowane baƙi aka sa sai ya zauna daram. A gwada da aya: baya, ɗaya, gaya, haya, kaya, ƙaya, laya, raya, saya, taya, tsaya, waya, yaya, kalmomi 13 daga uwa ɗaya. A gwada da ara: bara, dara, ɗara, fara, gara, kara, ƙara, mara, sara, shara, tara, tsara, wara, yara. Iya kuma ta haifi biya, ɗiya, giya, jiya, miya, riya da tsiya.

Ƙarin tsakiya ya fi wuya, don haka ya fi daɗi. Haka ta kan zama harka, bara ta zama barka, kasa ta zama kaska, sara ta zama saura, ƙara ta zama ƙaura. Cikin wannan babin ne ninkin baƙi ya ke, wanda marubuta da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi. Daba dabam, dabba dabam. Haka kuna da kunna, kala da kalla, suna da sunna. Ƙarin ƙarshe shi ya fi ƙaranci, gama yawancin kalmominmu da wasali su ke ƙarewa, amma akwai irin su har da hari, kun da kunu, tun da tuna.

Akwai kuma tarko. In aka ba yara gada aka ce su ƙara harafi, lalle wani zai yi wuf ya cusa y, ya ce ya sami abin da a ke ƙuli-ƙuli da shi. Sai malami ya tambaye shi, ina ƙugiyar? Gyaɗa da ɗ a ke rubuta ta, gada kuwa da d, saboda haka wannan ba ta haifi waccan ba. Yaron da ya faɗa wannan tarko sau ɗaya gaban 'yan'uwansa, da wuya ya sake manta ƙugiya.

DALA DA MURABBA'I

Tsarin wasan iri biyu ne. Na farko shi ne dala, don siffarsa irin ta dalar gyaɗa ce da aka sani a Kano a da. A kan zana gida ɗaya a sama, biyu ƙarƙashinsa, sa'an nan uku, har ƙasa, kowane layi a ba da alamarsa a gefe. Ga wata mai hawa bakwai:

A
AN
ANA
KANA
KWANA
KWANTA
KWANTAR

Kafin a fara, sai a yi yarjejeniya kan dokoki. Ta farko, ba a yarda da n ko r na mallaka ba, kamar gida ya zama gidan, mota ta zama motar, domin kusan kowane suna yana karɓarsu, wasan sai ya zama banza. Kwantar ta tsira ne saboda aikinta dabam ne: mutum shi ke kwanta, wani kuwa a ke kwantar da shi. Ta biyu, sh da ts kowannensu harafi guda ne cikin abacadar Hausa, gida ɗaya za a ba shi, kamar yadda mutanen Wales ke sa ll da dd nasu a gida guda, mutanen Holan kuma su yi haka da ij. Amma w da y na kw, gw, ky da 'yan'uwansu, a ba kowanne gidansa. Ta uku, b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, y da 'y, baƙaƙe ne dabam-dabam, ba mai aron gidan wani.

Na biyu shi ne murabba'i, wanda a ke karantawa a kwance da a tsaye ya fito daidai. Tsoho ne ƙwarai, gama an sami wani na Latin mai haruffa biyar-biyar a bangon Pompeii, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. A nan ne waɗansu ke cewa Hausa ba ta dace da wasan ba, kuma maganarsu tana da kan gado. In duk kalmomin da ke tsaye da wasali su ka ƙare, to, layin ƙasa zai zama wasula zalla, ba kuwa kalmar Hausa irin wannan. Amma akwai mafita. A riƙa jera mai farawa da baƙi, sa'an nan mai farawa da wasali ta ƙare da baƙi. Ga ƙarami:

I T A
T U N
A N A

Ga kuma mai haruffa huɗu-huɗu:

K U Ɗ I
U W A R
Ɗ A K I
I R I N

Mai karatu ya bi shi daga sama zuwa ƙasa, zai sake samun kuɗi, uwar, ɗaki, irin. A lura da abu biyu. Su n da r ɗin da aka kora daga dala, su ne su ka rufe murabba'in nan, domin uwa da iri ba su cika gidajensu ba sai da aka ƙara musu harafi. Sa'an nan ɗ ɗin kuɗi shi ne na ɗaki. Wanda ya saba rubuta kuɗi ba ƙugiya, a nan asirinsa zai tonu sau biyu.

AMFANINSA GA AKAWU DA MALAMI

Ƙugiyoyin nan ba a banza aka same su ba. Turawan farko da su ka rubuta Hausa da boko sun daɗe suna kai da kawowa, waɗansu suna sa ɗigo ƙarƙashin harafi, waɗansu waƙafi a gefensa. Hans Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idodin rubutu a 1912. Cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke riƙe da ofishin talifi a Zariya, aka tsaya kan ɓ, ɗ da ƙ. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa domin ta lura da daidaiton rubutu. Akawunan da, waɗanda tafiretarsu ba ta da waɗannan baƙaƙe, da alƙalami su kan bi takarda suna sa ƙugiya. Yau kwamfuta da wayar hannu suna iya fitar da su, amma masu rubutu da yawa ba su damu ba, sai ka ga an rubuta an yi fada a fada, ko baki sun zo, mai karatu ya tsaya yana lalube. A hira ta yau da kullum abin da sauƙi. A takardar shari'a, ko ta cinikin gona, ko ta rabon gado, harafi guda ya isa ya haddasa husuma tsakanin 'yan'uwa.

Na san akwai dattawan malamai da za su ce lokacin aji kaɗan ne, ba na wasa ba ne. Gaskiya ne wasan ba zai maye gurbin karatun littafi da shifta da insha'i ba. Kuma akwai abin da ba ya koyarwa, tun da boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti: gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Amma shifta kuskure ta ke nunawa bayan an riga an yi shi, wasan kuwa tilasta wa yaro ya ke yi ya dubi kowane harafi kafin ya ajiye shi, don ya san abokan hamayya suna jiran ya zame. Minti goma na ƙarshen darasi, wanda dā ma hamma da kallon taga ke cinyewa, ya isa.

YADDA ZA A YI A AJI

A raba yara gida biyu. Malami ya rubuta uwar kalma a allo, a ce ana. Kowane gida ya kawo tasa bi da bi, rana, bana, hana, zana, kuma wanda ya kawo kalma sai ya fito ya rubuta ta da hannunsa, ya sa ta cikin jimla. Wanda ya rubuta ba daidai ba, maki ya koma ɗaya gidan. 'Yan aji ɗaya da biyu a tsaya musu kan ƙarin farko, 'yan aji uku da huɗu a shigo da na tsakiya, manya kuwa a bar su su gina dala da murabba'i da kansu, su ba juna.

In gardama ta tashi kan wata kalma, ƙamus ne alƙali: na Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko na Jami'ar Bayero na 2006. Kada kuma a ƙi kalma don kawai ba ta garin malami ba ce. Ɗiya da Basakkwace da Bakatsine ke faɗi ita ce 'ya a bakin Bakano, duka Hausa ce, in dai yaron ya faɗi ma'anarta a karɓa. Ta haka kowa zai ƙaru da kalmomin ɗan'uwansa.

Mai tsara alamu kuma ya yi adalci. Wani malamin makaranta a Ingila, Derrick Macnutt, wanda ya tsara wa jaridar Observer wasa daga 1939 zuwa rasuwarsa a 1971, ya rubuta littafi a 1966 kan wannan batu, kuma har yau masu sana'ar suna bin ka'idarsa: an yarda alama ta ɓad da sawu, amma ba a yarda ta yi ƙarya ba. Wanda ya kasa, in ya ga amsa, ya kamata ya ce lalle da na lura da na gane.

GA NA GWAJI

1. Mahaifi ne. Ƙara masa harafi a farko, ya zama abin da ke kashe wanda ya ci. Canja harafin, ya zama abin da a ke so mai laifi ya yi.

2. Kowane mai numfashi yana da shi. Cusa harafi a tsakiya, ya zama lokacin da ruwa ya ɗauke. Canja harafin, ya zama abin da aka ce mugu ya gina gajere.

3. Jam'in mace ne. Cusa harafi guda, ya zama abin da almajirin da bai yi tilawa ba ya kan yi.

4. Manomi ya kan ajiye shi don shuka. Ƙara harafi a farko, ya zama mai ɓarnar gonar.

5. Kwalliya ce. Ƙara harafi a farko, ko dai a kwanta a kai, ko a raba wa magada.

6. Dala mai hawa huɗu: babban ɗan'uwa, minti 60, wanda ba shi da 'yancin kansa, kyautar Allah.

7. Gina murabba'i mai haruffa uku-uku, layin farko ya zama uwar amsar tambaya ta ɗaya.

Kada a leƙa ƙasa sai an yi ƙoƙari. Amsoshi: na ɗaya, uba, guba, tuba. Na biyu, rai, rani, rami. Na uku, mata, manta. Na huɗu, iri, biri. Na biyar, ado, gado. Na shida, wa, awa, bawa, baiwa. Na bakwai, uba, ban, ana.

Dalar da na kawo a sama hawa bakwai ce. Ina kyautata zaton cikin masu karatu akwai wanda zai iya gina mai hawa takwas ba tare da n ko r na mallaka ba, ko murabba'i mai haruffa biyar-biyar. Duk malami ko akawun da ya samu, ya aiko wa Edita tare da alamunsa, domin sauran makarantu su amfana. Allah ya ƙara mana basira, amin.